Giya Na Jinkirin Canji: Bin Sawun Zuƙa a Tsohuwar A-kori-kura

Motar a-kori-kura ce ƙirar ƙarshen shekarun 1970, injin fetur V8 mai kafireta, giyarta atomatik mai hawa uku. Idan aka tashi daga tsaye sai ta liƙe a giya ta ɗaya, injin na ta kuka, har gudu ya kusa kilomita 50 a awa kafin ta shiga ta biyu, kuma shigar ma da fizga take yi kamar an bangaji motar ta baya. Ta uku kuwa sai an haura 80. Silo ba ya zama wuri ɗaya, kuma man giya na raguwa alhali babu ko ɗigo a ƙasa. Duk wanda ya ji waɗannan alamu abin da zai fara cewa shi ne a sauke giya. Ban sauke ba, domin giyar da kulocinta ya ƙone santsi take yi, wannan kuwa kamawa take yi da ƙarfi fiye da kima. Giyar da ke da ƙarfin fizgar mota haka ba ta mutu ba, labarin ƙarya ake kai mata.

Na fara da tabbatar da irin akwatin giyar, don a tsohuwar mota ba a dogara da abin da takarda ta ce, wataƙila an taɓa canza shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a leƙa kwanon mai na ƙasa a ƙirga ƙusoshinsa. Na wannan motar kusan murabba'i ne, an yanke kusurwa ɗaya, ƙusoshi 13, wato TH350 ta General Motors wadda ta fito a 1969. TH400 ma 13 gare ta amma kwanonta ba shi da wannan siffar. C6 ta Ford 17, C4 11, 700R4 16, AOD 14, A727 ta Chrysler ita ma 14. Ƙirgan nan ba don burgewa ba ne. TH350 da TH400 da C4 da C6 duk suna da modileta, wata 'yar na'ura mai aiki da zuƙar injin, wato jan iskar da injin ke yi. 700R4 da AOD ba su da ita, kebul ne daga totur ke gaya musu nauyin da injin ke ɗauke da shi, A727 kuma sandar ƙarfe. Wanda ya je neman modileta a jikin 700R4 zai yini a ƙarƙashin mota bai ga komai ba.

Sai mai. Na tuƙa motar wajen minti 15 har ta yi zafi, na tsaya a wuri mai daidai, na taka birki na bi da liba ta kowace giya ina dakatawa daƙiƙa biyu-uku, na mayar da ita P, injin na aiki, sannan na zaro sandar awo. Ya gaza da kusan rabin lita, wanda shi ne tazarar da ke tsakanin layin ƙasa da na sama a sandar. Launinsa ja ne da ya ɗan yi duhu, babu ƙaurin ƙuna, babu kumfa. Da ya yi baƙi yana ƙauri, da lissafi ya canza, domin wannan alama ce ta kulocin da ya riga ya ci wuta. Da ya yi kalar madara mai ruwan hoda, da ruwan lagireto ne ya shiga ta bututun sanyaya mai. Na cika da Dexron, wanda shi ne na wannan akwati. Masu Ford su karanta abin da aka rubuta a jikin sandar awo, don tsofaffin ƙirar Type F suke sha, na baya-bayan nan kuma an canza musu mai. Cikawar ba ta gyara komai ba, kuma dama ban sa ran za ta gyara ba.

Kafin a ci gaba sai an san yadda wannan akwati ke yanke shawarar canji, in ba haka ba aikin zai zama lalube cikin duhu. Babu kwamfuta a cikinsa. Bawul ɗin canji yana zaune ne tsakanin matsin mai guda biyu masu turereniya. Ɗaya daga gwamna yake fitowa, wata 'yar na'ura mai nauyaya da ke juyawa tare da shaf ɗin da ke fita zuwa ƙafafun baya. Gudu na ƙaruwa, matsinta na ƙaruwa, tana cewa a hau giya ta gaba. Ɗayan daga modileta yake, ita kuma cewa take yi a dakata. Modileta ɗan gwangwani ne da fatar roba da sifirin a ciki, an haɗa shi da manifol ɗin shan iska ta siririn bututu. Idan ƙafa ba ta kan totur, fistoci na jan iska ta ƙofar da ke kusan rufe, sai zuƙa ta yi ƙarfi, ta janye fatar, ta danne sifirin, matsin modileta ya sauka, giya ta canza da wuri kuma a hankali. Idan aka take totur ƙofa ta buɗe, zuƙa ta faɗi, sifirin ya tura bawul, matsi ya hau, canji ya yi jinkiri kuma ya zo da ƙarfi don kada kuloci ya yi santsi a ƙarƙashin kaya. To idan iska na shiga ta wata ɓaraka, ko bututun ya tsage, modileta ba ta da hanyar bambance wannan da direban da ya take totur har ƙasa. Giyar wannan motar tana yin daidai abin da aka ƙera ta ta yi, a kan bayanin da ba daidai ba.

Saboda haka na ɗauko agogon auna zuƙa, mai lambobi daga 0 zuwa 30 na incin zaiba. Wurin da za a soka shi yana da muhimmanci. Kafireta na da bakuna iri biyu: akwai wanda ke ƙarƙashin farantin totur, mai zuƙa a kowane lokaci, akwai kuma wanda ke sama da shi kaɗan, wanda ba ya ba da komai a silo sai an fara taka totur. Na biyun nan galibi na dilko ne, mai raba wa fulogai wuta. Agogo da modileta duka na farkon suke so. Na sha ganin inda aka juya tiyo bayan wankin kafireta aka kai na modileta bakin da ba nasa ba, giya ta rikice, aka ɗora wa akwati laifi. A nan dai tiyon yana wurinsa, a kan wani haɗi da ke bayan manifol.

Lafiyayyen injin da ba a yi masa gyare-gyaren tsere ba, idan ya yi zafi yana silo, yana ba da 17 zuwa 21, allura a tsaye cak. Wannan lissafin na wurin da ke daidai da gaɓar teku ne. Duk hawan mita 300 ana rage kusan inci ɗaya. Wannan injin 13 ya nuna, allura na yawo a hankali tsakanin 12 da 14. Yadda allurar ke motsi ma magana ce. Idan tana tsaye amma a ƙasa, a duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, mai yiwuwa ya yi latti. Idan tana faɗuwa farat ɗaya tana komawa a kai a kai, bawul ɗin silinda ɗaya ne ba ya rufewa ko fulogi ba ya ba da wuta. Idan a silo lafiya lau amma aka riƙe injin a juyi 2500 a minti sai ta riƙa sauka sannu a hankali, salansa ce ta toshe. Yawo a hankali tare da lamba ƙasa-ƙasa yakan nuna cakuɗin mai da iska ya baci, kuma iskar da ba a gayyata ba ita ce ta farko da ake zargi. Na duba taimin da fitila don in fitar da shi daga lissafi, yana kan abin da aka rubuta a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet.

Neman ɓarakar shi ne ya fi cin lokaci, kuma hanyar da na fi yarda da ita ba feshi ba ce, toshewa ce ɗaya bayan ɗaya ana kallon agogo. Na cire kowane tiyo daga bakinsa a manifol ko kafireta, na toshe bakin da murfin roba, na jira allura ta nutsu, na rubuta lambar. Matse tsohon tiyo da filaya ba dabara ba ce, sau da yawa tsagewa yake yi a nan take, sai ka ƙirƙiri ɓarakar da kake nema.

Babban tiyon bustar birki na fara cirewa, don shi ya fi kowanne faɗi kuma idan fatar busta ta huje injin na shan iska sosai. Allura ba ta motsa ba. Na ƙara gwada bustar ta hanyar da aka saba: a kashe injin, a taka birki sau biyar-shida har feda ta yi tauri, a riƙe ta, a tayar da injin, idan feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa, busta na aiki. Ta nutse. Sai tiyon PCV, wato bawul ɗin da ke janye tururin cikin injin ya kai shi manifol. Da na toshe bakinsa allura ta hau zuwa 15. Ɗan canji a nan ba abin mamaki ba ne tunda PCV dama iska yake shigarwa da gangan, amma inci biyu sun yi yawa. Da na juya tiyon sai ga tsaga a gwiwarsa ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, robar ta yi laushi saboda tururin baƙin mai. Bawul ɗin kansa na girgiza shi na ji yana ƙaras-ƙaras, amma na canza shi tare da tiyon. A lura cewa tiyon PCV ba a yi masa da kowace irin roba, sai mai jure mai, in ba haka ba ya lotse cikin 'yan watanni. Na bi gwangwanin da ke jikin dilko da famfon hannu na zuƙa, ya riƙe. Ƙananan tiyoyin da ke shiga cikin mota don juya ƙofofin iska na dasbod, ɗaya ya bushe ya zame daga bakinsa, ƙaramar ɓaraka ce, wajen rabin inci.

Da aka gama da tiyoyi allura na kan 16, tana ɗan rawa har yanzu. A nan ne feshi ke da amfani, don abin da ya rage gaskit ne. Na yi amfani da feshin wanke kafireta da siririn tsinkensa, ɗan kaɗan a kowane wuri, injin bai yi zafi can ba, abin kashe gobara a kusa. Wannan ruwan yana kama wuta, kuma tsohuwar wayar fulogi mai yoyon tartsatsi ta isa ta kunna shi, don haka ba a yi wa injin wanka da shi. Idan ruwan ya faɗa kan ɓaraka injin zai zuƙe shi, muryarsa ta canza nan take. Gefen manifol biyu shiru. Gindin kafireta ta baya, ina fesawa silo ya tashi. Na kwance kafiretar, gaskit ɗin ya ƙone ya tsage a kusurwa, kuma noti biyu na baya sun fi na gaba sakwarkwacewa. Na kankare fuskokin biyu, na ɗora rula a gindin kafireta don ganin ko ya lanƙwashe, na sa sabon gaskit ba tare da gam ba, na ɗaure notunan huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ɗaurin ƙarfi shi ke lanƙwasa gindin kafireta, daga nan kuma babu gaskit ɗin da zai rufe shi.

Akwai ɓaraka iri biyu da feshi ba ya kamawa, kuma na duba su duk da cewa ban same su ba. Ɗaya bawul ɗin EGR ne, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin injin, idan gawayi ya hana shi rufewa, sai hayaƙi ya riƙa komawa manifol a silo. Ɗayar kuma gaskit ɗin manifol ne idan ya ɓalle ta ciki, wajen kwarin da ke tsakanin layin silinda biyu. Ana gane ta idan aka toshe PCV da bakin shan iskar murfin bawul, aka sa agogo a bututun sandar awon baƙin mai: lafiyayyen injin ɗan matsi zai tara, idan kuwa zuƙa aka gani to manifol na shan iska daga cikin injin.

Bayan na sake daidaita sukurorin silo na kafireta, waɗanda wani ya buɗe su da yawa don ya rufe asirin ɓarakar, allura ta tsaya cak a 18. Na bugi totur farat ɗaya, ta faɗi kusan 2, na saki ta yi tsalle ta haura 22 sannan ta dawo 18. Injin ya warke. Na fita gwaji, canjin ya ɗan matso amma har yanzu a makare yake zuwa. Ashe ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba.

Zuƙa 18 a manifol ba ta nufin 18 ta isa modileta, kuma wannan awon na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa. Na ɗaga motar na ɗora ta a kan karfunan tokara, ba jak kaɗai ba, na sa waigi a ƙafafun baya, na ja birkin hannu. A TH350 modileta na gefen dama ta baya, sama da kwano kaɗan, kuma bututun salansa na kusa da ita, hannu zai iya ƙonewa. Bututun ƙarfe ne ke gangarowa daga manifol ta bayan injin, da guntun tiyon roba a kowane ƙarshe. Na zare na ƙasa daga bakin modileta na soka agogo: 7. Guntun tiyon ya kumbura ya yi taushi kamar danƙo, ba ya riƙe bakin, kuma da na matsa shi sai jan mai ya ɗigo.

Wannan ɗigon ya amsa tambayar man da ke ɓacewa. Bai kamata a sami man giya ko kaɗan a wannan ɓangaren na modileta ba. Idan an samu, fatar ta huje, injin na zuƙe man ta bututun yana ƙona shi, shi ya sa ba a ganin ɗigo a ƙasa sai farin hayaƙi a salansa, musamman idan aka saki totur a gangara lokacin da zuƙa ta fi ƙarfi. Kuma man ne ya narkar da tiyon. Don in tabbatar na sa famfon hannu a bakin modileta na ja zuwa 18. Lafiyayya za ta riƙe aƙalla daƙiƙa 30 ba tare da allura ta gusa ba, wannan cikin daƙiƙa biyar ta zube.

Bututun ƙarfen ma na cire shi gaba ɗaya. Na same shi ya goge a inda yake gugar jikin akwati, saura ƙiris ya huje, kuma cikinsa ya yi dasashi da mai da gawayi. Toshewar bututu ta fi tsagewarsa haɗari, ko da yake alamunta ba su da hayaniya. Idan hanya ta ƙuntata, zuƙa na maƙalewa a modileta na ɗan lokaci bayan an taka totur, matsin mai ya tsaya ƙasa a daidai lokacin da injin ke ba da ƙarfi, sai kuloci ya yi santsi. Tsagewa fizga take kawowa mai ban haushi, toshewa kuwa ita ke ƙona giya a ɓoye. Gwajinta shi ne agogon da ke ƙarshen ƙasa ya bi totur nan take, ba ya ja ƙafa ba. Na lanƙwasa sabon bututu, na sa masa maƙalai a inda tsohon ya rasa.

Canjin modileta aikin minti goma ne. Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da wani ƙarfe mai baki biyu. A kwance ta, a murɗa gwangwanin a ja. Mai zai ɗan zubo, a tara kwano. A bayanta akwai bawul a cikin ramin, na zaro shi da maganaɗisu na ga yana shiga yana fita sumul, babu kurji. A C6 akwai ɗan siririn tsinken ƙarfe tsakanin modileta da bawul, yakan faɗo ba a lura ba, kuma idan aka mayar babu shi giya ba za ta yi canji daidai ba. Na shafa wa sabon zoben roba man giya, na tura sabuwar modileta har ta zauna, na ɗaure. Agogo a ƙasa yanzu 18, daidai da na sama.

Masu a-kori-kurar dizal ta shekarun 1980, irin Ford mai injin 6.9 ko 7.3 da C6, ko GM mai 6.2 da TH400, hanyar ɗaya ce amma mafarin daban. Dizal ba ya samar da zuƙa a manifol, famfo ne ke yin ta, sannan wani bawul da ke jikin famfon allurar mai ya rage ta gwargwadon takun totur. A can famfon da wannan bawul ɗin ake fara aunawa.

Gwaji na gaba ya nuna ɗaya zuwa biyu ta dawo wajen kilomita 25 da ɗan taku, babu fizga. Biyu zuwa uku kuwa wani lokaci daidai, wani lokaci a makare. Abin da ke zuwa yana tafiya haka yakan zama abu ne mai maƙalewa, sai na koma kan kebul ɗin kikdawun, wanda ke mayar da giya baya idan aka take totur har ƙasa. Na cire shi daga jikin kafireta na ja shi da hannu: fitowa lafiya, komawa da jan jiki. Idan bai koma gaba ɗaya ba, akwati na ɗauka har yanzu ana neman wuce wata mota ne. Na tuƙa ɗan gajeren zango da kebul a cire, canji ya daidaita sarai. A TH350 wannan gwajin ba ya cutarwa. Kada a kuskura a yi shi a 700R4 ko AOD, domin nasu kebul ɗin shi ke riƙe da matsin mai baki ɗaya, kuma tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da shi ba ta isa ta ƙona kuloci. Rigar kebul ɗin ta narke a inda ta taɓa manifol ɗin hayaƙi. Canza shi na bukatar haƙuri wajen saƙala ƙarshensa na ƙasa a ƙugiyar da ke cikin akwati. Daidaitawar kuwa ita ce a ɗaga makullin da ke kan maƙalinsa, a buɗe totur har ƙarshe da hannu, injin a kashe, a danna makullin ya koma.

Tunda ina ƙarƙashin motar na zaro gwamna ma. A TH350 yana gefen hagu ta baya, ƙarƙashin wani murfi mai kama da ƙoƙo da waya ke riƙe da shi. A ɓamɓare murfin a hankali ta gefe, don idan ya loma gwamna ba zai zauna daidai ba. Abu biyu ake dubawa: haƙoran giyarsa ta roba, waɗanda idan sun cinye a tsakiya motar ba za ta bar giya ta ɗaya ba sam, da kuma bawul ɗin cikinsa, wanda ya kamata ya motsa idan aka buɗe nauyayan aka rufe. Haƙoran lafiya lau. Na wanke shi na mayar da sabon zoben roba.

Daga ƙarshe na sauke kwano na canza matatar mai. Babu ƙusar tsiyayar mai a kwanon asali, don haka a sassauta ƙusoshin a bar kusurwa ɗaya ta sunkuya mai ya zuba ta nan. Abin da na tarar a ƙasan kwanon laushin toka ne siriri, wanda ba a rasa shi a tsohuwar giya. Babu ɓarɓashin ƙarfe, babu baƙaƙen ɓawon kuloci. Ƙusoshin kwano ba sa son ƙarfi, wajen Nm 16 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ya isa, fiye da haka gaskit ya matse ya fito. Na zuba lita uku, na tayar da injin, na ƙarasa sauran da kaɗan-kaɗan ina aunawa har ya kai layi da zafinsa.

Sabuwar modileta irin mai daidaitawa ce, da ɗan sukuru a cikin bakin da tiyo ke shiga. Murɗawa dama na jinkirta canji ya ƙara masa ƙarfi, hagu na kawo shi da wuri ya tausasa shi, kuma abin da yake iya matsarwa 'yan kilomitoci ne kawai, ba ya gyara ɓaraka. Na haɗa agogo da dogon tiyo na shigo da shi cikin mota don in riƙa taka totur iri ɗaya a kowane gwaji, ina riƙe allura a kan 12. A haka biyu zuwa uku na zuwa wajen kilomita 38, kuma ta yi laushi fiye da yadda nake so ga motar da ke ɗaukar kaya, domin canji mai laushi sosai santsi ne da ba a ji. Na murɗa sukurun zagaye ɗaya zuwa dama, ta koma wajen 43, ana jin shigarta ba tare da fizga ba. Na sake auna man giya bayan tafiyar kilomita 300, yana nan a kan layinsa, tiyon modileta kuma a bushe.